Ranar da Kaka Ta Ga Fuskata

Daga Bawku, can arewa, na zo Kumasi karatun sakandare. Gwaggona, ƙanwar babana, ita ta karɓe ni a Zongo, unguwar Hausawa, a wani gidan haya mai ɗakuna da yawa da famfo ɗaya a tsakar gida. Ba ta taɓa wulaƙanta ni ba. Sai dai atamfa take sayarwa a kasuwar Adum, tana fita da sassafe ta dawo a gajiye, 'ya'yanta kuma duk maza ne manya, kowa da harkarsa. Nakan wuni in kwana, in ban da gaisuwa ban buɗe baki da kowa ba.

A makaranta ma haka abin yake. Yawancin 'yan ajinmu Twi suke yi, yaren mutanen garin. 'Yan Zongo kuwa sai su cakuɗa Hausa da Twi da Turanci a magana ɗaya, kafin in kama kan zancen sun wuce wani. Ni Twi ɗina bai wuce na sayen ruwa ba. Idan aji ya fashe da dariya, sai in yi murmushi a makare, bayan kowa ya gama.

A shekarata ta biyu malamarmu ta kimiyya ta kafa ƙungiyar ɗalibai masu aikin sa kai. Da ta tambayi masu so, na ɗaga hannu, don Asabar tana yi mini tsawo a gida. Da yashe kwata muka fara. Aka ba mu shebur da safar hannu, muka yi ta kwaso leda da laka kafin ruwan sama ya sauko, mutanen unguwa na wucewa suna sa mana albarka. Bayan haka malamar ta zauna da magajiyar matan unguwa, suka raba mu uku-uku, kowane kashi da tsoho ko tsohuwar da zai riƙa dubawa.

Mu tsohuwa aka ba mu. Ɗakinta na ƙarshen wani lungu bayan rumfar kafintoci, sai ka tsallake katako da dusar itace kafin ka isa ƙofar. Magajiya ta ce mana daga Nijar aka kawo ta tun tana amarya, mijinta ɗan kasuwar goro ne, ya daɗe da rasuwa. Ta yi shekaru tana sayar da koko da ƙosai a bakin titi, har yanar ido ta rufe mata idanu duka biyu. Ɗa ɗaya gare ta, yana Turai. Maƙwabta ne ke kai mata abinci.

Mun same ta zaune a kan tabarma, ta jingina da bango, carbi a hannu. Abokan tafiyata biyu suka gaishe ta, ni ma na durƙusa na ce, "Kaka, barka da hantsi. Ya ƙarfin jiki?"

Ta juyo da kunnenta wajena. "Wace ce wannan mai Hausar arewa? Matso, 'yata. Na daɗe ban ji an gaishe ni haka ba."

Ranar muka share ɗakin, muka cika mata randa, muka shanya katifarta a rana. Mako na gaba ɗaya daga cikinmu ta ce an sa ta darasin Asabar. Ɗayar ta ƙara zuwa sau ɗaya, ta tsaya daga bakin ƙofa tana danna waya, daga nan ban sake ganinta a lungun ba. Ban gaya wa malama ba, ita ma ba ta tambaya ba. Na ci gaba da zuwa ni kaɗai.

Aikin ba shi da yawa. In yi shara, in wanke mata zannuwa, in yanke mata farce. Wani lokaci in tsefe mata kai in yi mata kitso, gashin fari fat, laushi kamar auduga. Ita kuma ta yi ta zance. Ta ba ni labarin yadda ta shigo garin nan a bayan motar goro, tana kuka saboda yawan itatuwa, wai ba ta iya hango nesa. Ta gaya mini yadda ake gane ƙullun ƙosai ya bugu tun daga sautinsa. Ni ma na soma magana. Na ba ta labarin mahaifiyata, da ƙannena, da yadda nake cin abincin rana ni kaɗai a bayan ɗakin gwaje-gwaje. Ba ta ba ni haƙuri ba, ba ta yi mini wa'azi ba. Cewa kawai ta yi, "To, ni da ke nan."

Akwai abin da ta ƙudura a ranta game da ni. "Ke doguwa ce," in ji ta. "Daga sama muryarki ke saukowa. Kuma fara ce, irin matan garinmu." Na ce mata ba haka ba ne, ta ce ƙanƙan da kai nake yi. Na ƙyale ta.

Wata rana malama ta sanar da mu cewa likitocin ido sun sauka a wani asibiti ta wajen Manhyia, suna cire yanar ido kyauta. Asabar na yi na garzaya da labarin. Na zaci Kaka za ta yi murna, sai ta ɗaure fuska.

"Wuƙa a idona? A'a. Na gode."

"Kaka, an ce ba zafi. Tsofaffi da yawa sun samu sauƙi."

"Na saba da yadda nake."

Na yi ta lallashi, har na haƙura na ɗauki bokiti zan tafi famfo. Sai ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Irin wannan wurin kowa da nasa yake zuwa. Ni wa zai riƙe mini hannu? In aka kira ni cikin Turanci wa zai ce ga ta?"

Na ce, "Ni."

Ta ja carbinta. Can ta ce, "Sai ki nemo mini mayafina mai kyau a ƙasan akwati."

Ranar da za mu je asibitin ranar makaranta ce, amma malama ta nema mini izini. Na riƙe Kaka muka fito lungu a hankali, kafintoci suka ajiye aiki suna yi mata fatan alheri, ɗaya daga cikinsu ya tare mana tasi. A asibitin muka tarar da benci-benci cike da tsofaffi, kowannensu da 'ya'ya ko jikoki kewaye da shi, wasu har da kular abinci. Mu biyu ne kawai a ƙarshen benci. Wata nas ta tambaye ni cikin Twi ko kakata ce. Wannan dai na gane shi. Na ce e. Da aka shiga da ita na zauna da takalmanta a cinyata, ba wanda zan juya in ce wa ina jin tsoro. Aka fito da ita an liƙe ido ɗaya da auduga da filasta, aka ce mu dawo kashegari.

Kashegari nas ta ɓare filastar a hankali. Kaka ta ƙifta ido, hawaye na zuba saboda haske. Abin da ta fara kallo hannuwanta ne. Ta juya su ciki da baya, ta ce, "La'ilaha illallahu. Yaushe na tsufa haka?" Sannan ta ɗago ta bi ɗakin da kallo, ta wuce ni, ta dawo, ta sake wuce ni.

"Ina yarinyar da ta kawo ni?"

"Ga ni, Kaka."

Ta zuba mini ido, baki buɗe. "Ke ce? 'Yar mitsitsiya haka? Baƙa kuma!" Ta fashe da dariya har nas ta tsawata mata kada ta motsa idon. Ta kamo fuskata da hannu biyu ta daɗe tana kallo. Tun da na zo Kumasi ba wanda ya dube ni haka. Sai na ji kuka ya ƙwace mini a gaban mutane.

Da muka koma ɗaki murnarta ta ɗan ragu. Ta ga bangon ya yi baƙi, ta ga labulen ya yage. "A nan kike zuwa kina zama da ni?" in ji ta. Amma cikin 'yan makonni ta miƙe. Ina ɗiga mata maganin ido idan na taso daga makaranta, ita kuma ta soma fita da kanta, ta je famfo, ta shiga gidan maƙwabta. Wata Asabar ta sa na jiƙa wake, ta soya mini ƙosai da hannunta, ta zauna tana kallona har na cinye. Lokacin ne na fi jin daɗin zaman Kumasi.

Sai jarrabawa ta tsare ni, na yi Asabar biyu ban je ba. Da na koma na tarar da kwaɗo a ƙofar. Na tsaya ina kallonsa. Matar ɗakin kusa ta leƙo.

"Ai ɗanta ya zo daga Turai. Ya ji an buɗe mata ido, ya ce ba za ta ƙara kwana a nan ba. Ya gina gida a Kwadaso, can ya kai ta. Ta yi ta cigiyarki."

Abin farin ciki ne, na kuma faɗi hakan. Na juya na bi lungun na fita. Ban koma gida ba. Na yi ta tafiya har Adum, na shiga cikin cunkoson masu saye da sayarwa, ana ture ni ta ko'ina, har la'asar ta yi.

Sau ɗaya na je Kwadaso, wata unguwa can gefen gari. Magajiya ce ta yi mini kwatance. Gida ne babba mai katanga da ƙofar ƙarfe, unguwar shiru, ba mai talla, ba a jin kiran salla. Ɗan ya riga ya koma, ya bar ta da wata mai aiki wadda ba ta jin Hausa. Na sami Kaka a falo cikin kujera mai laushi, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba, talabijin na ta magana cikin Twi. Da ta gan ni ta miƙe da sauri.

"'Yata! Ya Zongo? Kafintocin nan suna nan? Matar kusa da ni ta haihu?"

Na amsa mata duk abin da na sani. Na ce gidan ya yi kyau.

"Ya yi kyau," ta ce. "Allah ya yi masa albarka, ya yi ƙoƙari." Ta dubi taga. "Ga ido na samu, ba kowa a titin."

Na wuni tare da ita. Da zan tafi ta rako ni har ƙofar ƙarfen, ta tsaya tana kallona har na sha kwana. Na yi niyyar komawa, amma wurin da nisa, ga shekarar ƙarshe ta zo da karatu ba hutu. Ina gama jarrabawa babana ya aiko in koma Bawku.

Bayan kamar shekara ɗaya gwaggona ta kira mahaifiyata a waya, aka miƙo mini mu gaisa. Ta ba ni labarin auren babban ɗanta, da ruwan da ya shiga shaguna a Adum, sannan ta ce, "Af, tsohuwar nan da kike zuwa wurinta ta rasu tun watan jiya. A Zongo aka yi mata salla, ita ta roƙi haka. An ce mutane sun cika."

Na ce Allah ya jiƙanta, na mayar wa mahaifiyata wayar. A gidanmu ba wanda ya san Kaka, ba wanda zai yi mini ta'aziyya. Na ɗauki buta na yi alwala, na shiga ɗaki na yi mata addu'a. Da na fito ƙanwata ta tambaye ni me ya sa idona ya yi ja. Na zaunar da ita a kan tabarma na soma ba ta labarin tun daga farko.