Tambayar Asabe a Bakin Tafki

Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar matata Asabe, Allah ya jiƙanta. Na bar fatauci, gwiwa ta ƙi. Amma duk daminar da duman rafi ya buɗe a bayan rijiyoyin unguwarmu a nan Salaga, sai in ji kamar za ta kira ni in zo in duba.

A wancan zamani da jakuna muke kai goro. Mu tashi daga Salaga, mu ratsa Yendi, mu sauke kaya a Bawku, mu juyo da tumaki da gero. Asabe ke yi wa ayari tuwo. Duk tafkin da muka yada zango, sauran mata su ɗebi ruwa su dawo, ita kuwa sai ta ajiye tulu ta shiga zagaye. Ita ta nuna mini cewa furanni ba haka kawai suke fitowa ba. Bado yana cikin ruwa. Zazar giwa mai ƙaya tana tsaye a taɓo. Duman rafi ya malala inda ƙasa ke da laima, sai an yi nisa a tarar da tafasa da furenta ruwan ɗorawa. Tumfafiya kuwa tana can tudu, ba ruwanta da tafki.

Ba ta tsaya ga kallo ba. Ta taɓa tuge zazar giwa ta dasa a tudu, ta bushe. Ta dawo da tafasa cikin taɓo, ta yi ɗorawa ta ruɓe. Ni dariya nake mata, ita kuma sai ta ce matambayi ba ya ɓata.

Akwai wani tafki arewa da Yendi da ya hana ta sakat. Ta yamma, furannin laima na tsayawa daf da ruwa. Ta gabas kuwa sai su miƙe su yi nisa, har su shige daji kamar an ja zare.

"Malam, ruwa ɗaya, rana ɗaya," in ji ta. "Me ya raba su?"

Na ce ikon Allah. Ta ce ta yarda, amma da me ya raba su?

Wata bazara muka iske tafkin ya ƙafe ƙaf, ƙasa ta tsattsage. Salkunanmu babu komai, jakuna biyu sun durƙushe, 'yarmu Ladi tana goye, jikinta kamar garwashi, ko kuka ta daina. Muka haƙa tsakiyar tafkin har hannu ya yi kanta, ko danshi ba mu gani ba. Asabe ta bar mu ta bi gefen gabas. Can nesa da gaɓa ta tarar da duman rafi da sauran ɗanyen ganye, har da fure ɗaya. Ta ƙwala mini kira. Ba mu kai ƙugu da haƙa ba yashi ya yi duhu, ruwa ya fara tsattsafowa. Da gefen zane ta tace ta ɗiga wa Ladi a baki, sai da yarinyar ta tsala kuka sannan ita ma ta fashe da nata.

Muna ɗaura kaya ta sake cewa, "Har yanzu fa ban san dalili ba." Bayan damina biyu zazzaɓi ya ɗauke ta a Bawku, ba ta sani ba.

Yau motoci ke bin hanyar. Tafiyar da muke kwashe makonni, yanzu kafin goro ya yi yaushi an kai. Ba mai sauka a tafki sai direban da zai ba mota ruwa. Nakan tambayi kaina ko Asabe za ta ji haushin wannan sauri. Ina jin abin da zai fi ɗauke mata hankali shi ne kududdufan da masu gyaran hanya suka bari. Da ta zauna ta ga wane fure ke riga zuwa sabon ruwa.

Bara motarmu ta lalace kusa da tafkin nan, na tarar leburori sun yanke gaɓoɓin biyu. Ta yamma marmara ce zalla, ruwa ba ya ratsa ta. Ta gabas kuwa ga yashi binne a kan yumɓu, tsohuwar hanyar rafi ce da ƙasa ta rufe. Shi ke riƙe laima, furanni na bin sa ta sama. Gani ya kori ji. Na daɗe a tsugune da yashin a hannu, har wani lebura ya tambaye ni ko na yar da wani abu ne.

Asabe ba ta bar gadon gida ko garke ba, kabarinta ma sai an nuna. Da na isa Bawku na kwashe labarin na faɗa wa Ladi, wadda ke aure a can, yanzu 'ya'yanta huɗu. Na zaci za ta yi kuka. Sai ta ajiye muciya ta dube ni.

"To Baba," ta ce, "wa ya faɗa wa irin furannin cewa akwai ruwa a ƙasa?"

Mun yi da ita idan ruwa ya sauka za mu je mu duba.