Ɗorawar Gonar Mama Zipora

Mama Zipora ba 'yar Fadan Kagoma ba ce, aure ne ya kawo ta daga wajen Gwantu. Mijinta Ishmael birkila ne. Shekarar da gobara ta cinye gidan wani dattijo mai suna Baba Azariya, Ishmael ya ajiye aikin da yake yi a Kafanchan, ya zo ya tayar masa da ɗakuna kafin ruwa ya sauko, ya kuma ƙi karɓar komai. Tsohon ya kama hannunsa ya kai shi bayan gari, ya nuna masa wata gona mai bishiyar ɗorawa biyu a tsakiya. Ba a rubuta takarda ba. Lokacin ba a damu da hakan ba.

Ishmael bai iya noma ba. Mutumin da bangonsa bai taɓa karkacewa ba, in ya ja kunya a gona sai ta tafi kamar maciji. Zipora ce ta riƙe gonar. Citta take shukawa, ta rufe da ciyawa, in lokaci ya yi ta tono, ta tsaga, ta shanya a kan dutse har tafin hannunta ya dinga yi mata raɗaɗi. Da cittar nan ta sa 'ya'yanta mata a makaranta, da ita ta yi jinyar Ishmael har ya rasu. Baba Azariya kuwa ya daɗe da riga shi rasuwa.

Bana, ana shirin shuka, sai ga Leonard ɗan Baba Azariya, malamin sakandare a Kafanchan. Ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya ce gidan kaji yake so ya gina a gonar. Aro mahaifinsa ya bayar, in ji shi, kuma wanda aka ba aron ya mutu.

"Mama, ba faɗa na zo ba. Ki nemi wani wuri kawai."

"Wane wuri, ɗana? A garin nan ba ni da ko inda zan kafa tukunya in ba nan ba."

Magana ta kai gaban dagaci, ya ce kada kowa ya sa fartanya a gonar sai an zauna. Zipora ta san Leonard ba ƙarya yake yi da gangan ba, abin da ya ɗauka ke nan. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne shaidar da ya kawo: Mama Yemima, ƙanwar mahaifinsa, wadda suke zama benci ɗaya da Zipora a Zumuntar Mata ta coci.

A ƙasar nan, wanda aka ba aron gona ƙasa kawai aka ba shi. Ya noma ya girbe, amma itatuwan ciki na mai gona ne. In ɗorawa ta nuna, iyalin mai gona ne ke zuwa da ƙugiya, mai aro ko wadda iska ta kayar ba ya ɗauka sai an ce masa ya ɗauka. Leonard ya girma a makarantar kwana, bai taɓa lura da wanda ke riƙe ƙugiya ba.

Ranar zama, Yemima ta faɗi abin da ta sani: gonar ta kakanninsu ce tun asali. Zipora ba mai yawan magana a gaban maza ba ce. Ta goge hannu a zane, ta ce, "Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya nake da ita." Ta juya. "Yemima, kalwar da kika yi daddawa da ita bara, daga ina?"

"Daga gonar mana."

"Wa ya ba ki?"

"Ke. Kuma rabinta tsakuwa ce."

Dattawa suka yi dariya. Dagaci bai yi ba. Ya sunkuyo ya ce wa Yemima, "Mama, karɓa kika yi ko roƙa?"

Yemima ta dubi ɗan yayanta, ta dubi ƙasa. "Roƙa nake yi, ranka ya daɗe. Shekarar farko na je da ƙugiyata, Yaya Azariya da kansa ya kore ni. Ya ce in ina son ɗorawa in je in gaishe da matar Ishmael." Ta ja numfashi. "Leonard, ba ka tambaye ni wannan ba."

Dagaci ya ce wanda ya bayar da itace ya bayar da gona. Kyauta ce, ta Zipora ce da 'ya'yanta, ya sa aka rubuta. Leonard ya tashi ya ce wa Zipora, "Mama, ki yi haƙuri," ya hau babur ɗinsa.

A hanya Yemima ta ce, "Kada ki gode mini. Yaron nan ba zai ƙara kawo mini shinkafar Kirsimeti ba."

"Sai ki zo ki ci tawa."

"Taki da ba ta jin gishiri?"

An riga an makara da shuka, saboda haka washegari matan Zumunta suka fito mata gayya. Kafin rana ta karya sun gama gonar har iyaka. Zipora, wadda ba a taɓa bari ta ba da waƙa a coci ba saboda muryarta, ita ta dinga bayarwa ran nan, kuma babu wadda ta hana ta.