Zuwa Kudan da Maƙogwaron Uwata

Mun tashi daga Janfalan da asuba, mu uku: ni, da mahaifiyata Inna, da 'yata ƙarama wadda ta ci sunanta, shi ya sa nake kiranta Uwata. Yarinyar ta kwana biyu ba ta haɗiye komai sai ruwa. Zazzaɓi ya kama ta, ƙuraje sun feso mata a baki, tsokar nan biyu na gefen maƙogwaro sun kumbura har muryarta ta dishe. Inna ta ce hakin wuya ne, kuma ba wanda zai cire shi sai ƙanenta, wanzami a Kudan. Ni kuwa na roƙi mu biya ta ɗakin magani na Makarfi. Ta yarda ne kawai don hanya ɗaya ce.

A Ikara muka sami gingimari mai zuwa kasuwa. Muka zauna kan buhunan barkono, kowa na atishawa, direba kuma na rantsuwa cewa tun da aka sami mulkin kai ramukan hanyar nan ƙaruwa suke yi. Damina ta ɗauke, dawa ta sunkuya da kai, fadamu sun cika da rake. A wajen Gubuchi muka tsaya aka zuba wa mota ruwa. Wata Bafillatana mai tallan nono ta leƙa bayan Inna, ta ga bakin yarinyar, ta miƙo ludayi guda ta ce a gwada mata. Uwata ta kau da kai. Matar ta yi mata addu'a rabi da Fulatanci rabi da Hausa.

Makarfi tun daga nesa ƙamshin mazarƙwaila ke sanar da kai ka iso. Rake kuwa da kwabo za ka sha har haƙoranka su gaji. Malamin ɗakin maganin ya danne harshen yarinyar da ɗan katako, ya haska tocila.

"Hajiya, wannan ba abin yanka ba ne," in ji shi. "Ƙwayar cuta ce, irin wadda ke fito wa mutum da ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi. Yara kan ɗauke ta a yawun manya. Aska ba ta kai inda take ba, sai dai ta ƙara mata ciwo da zubar jini. A yi ta ba ta ruwa da kunu mai sanyi, kumburin zai sauka."

Ya shafa wa yarinyar wani magani shuɗi a baki, ta fito kamar ta tsoma baki a marina. Inna ta gode masa da ladabi, muna fita ta ce, "To, mu je Kudan."

A mota ta faɗa mini abin da ban taɓa ji ba. Kafin a haife ni tana da wata 'ya, wuyanta ya kumbura haka, wanzamin garin yana tafiya, aka yi ta jiransa har yarinyar ta rasu. "Ba zan ƙara zama ina jira ba," ta ce. Na karɓi Uwata na ɗora a cinyata don Inna ta huta.

Mun isa Kudan bayan azahar. An daɗe ana gaisuwa, kawuna ya tambayi kowa har akuyar gidanmu, sannan ya shimfiɗa tabarma a zaure ya zazzage zabira. Matarsa ta kawo wa baƙi kunun tsamiya da ya huce, ta ajiye. Sai muka ji wata 'yar murya kamar ta tsohon zakara:

"Inna, zan sha."

Inna ta riƙe mata ƙwaryar. Yarinyar ta haɗiye, ta yamutsa fuska, ta sake haɗiyewa. Inna ta daɗe tana kallon wuyan nan yana motsi, ta dubi askar, ta dubi ƙanenta.

"Mayar da kayanka," ta ce. "Wadda ke shan kunu ba a taɓa ta. In hannunka na ƙaiƙayi, ga kan ubanta nan, dubi sumar da ya tara."

Haka na zo da mai ciwon wuya na koma da ƙwalƙwal.

Mun kwana a can, washegari muka juyo. Yanzu Uwata na cin tuwo, har tana tsokanar kakarta da shuɗin harshe. Na bar gida ina ganin Inna taurin kai ne da ita. Na dawo na san tsoro ne ta goya tun kafin in zo duniya, kuma da hannunta ta sauke shi a zauren kawu.