Shekarar da Teku Ya Duba Mani Wata

Ina kwaleji a Yamai, saura kaɗan in gama, aka zaɓe ni in je Faransa in yi shekara guda ta karatu. Wani mushenmu, wato malaminmu, Bafaranshe ne ya ƙulla abin da makarantar garinsu: su aiko da yaronsu ya zauna wurinsa, mu kuma a aika da namu. Lokacin ƙasa tana hannun Nasara, amma mushen ya ce sai da yardar uba. Don haka da hutun damina na hau bayan babbar mota zuwa Maraɗi, daga can na kama hanyar Dakoro, ina ta shirya maganar da zan faɗa wa Baba.

Baba manomi ne, kuma bai taɓa son lakwal, makarantar boko, ba. Kumandan, Nasaran da ke mulkin yankinmu, ne ya sa aka rubuta ni a lakwal tun ina ƙarami, Baba kuwa ya haɗiye abin bai manta ba. Na same shi gindin aduwa yana gyaran ƙotar hauya. Na durƙusa na zazzage masa duk abin da na shirya, bai ɗago kai ba sai da na gama.

"Can inda za ka, suna ganin wata?"

"Baba, ai wata guda ne duk duniya."

"To. Ban ce ka kawo mani komi ba. Ranar da munka ɗauki azumi nan Dakoro, kai ma ka ɗauka. In ka yi wanga, na san ɗana na aika, kuma ɗana za ya komo."

Na amsa da sauri, har ina murmushi a ciki, don na zaci zai ɗora mani abin da ya fi haka nauyi.

Gidan da aka sauke ni yana wani ƙaramin gari a bakin teku. Mai gidan wata mace ce da mijinta ya rasu a yaƙi, ɗanta ne aka aika Yamai a madadina, kuma gadonsa na gada. Madam nake ce mata. Gajera ce, mai jan fuska da saurin magana, 'yar masunta tun kakanni. Yammacin da na iso, ruwa yana dukan katangar duwatsu da ke ƙofar gidan, jiragen kamun kifi suna ta rangaji a kansa. Na yi kwanaki cikin jirgin ruwa kafin in iso, na ɗauka na gama mamakin teku.

Kashegari da rana na leƙa taga, babu ruwa. Jiragen nan duk suna kwance a gefe guda cikin laka kamar shanun da fari ya kayar. A wurinmu in tafki ya ƙafe, ya ƙafe ke nan sai wata damina, kuma na san abin da ke biyo baya. Na sauko na sami Madam tana feraye dankali, na rusuna, na yi mata jaje da Faransancina na lakwal. Na ce Allah ya ba su haƙuri, ya mayar masu da alheri, kuma kada a ce ni na zo da farar ƙafa. Ta dube ni, ta dubi taga, ta yi dariya har wuƙa ta faɗi daga hannunta. Na ji haushi ƙwarai, don da zuciya ɗaya na yi jajen. Ta ce in je in dawo da yamma.

Da yamma na tsaya kan katangar na ga ruwan yana dawowa. Ba gudu yake ba, ba kuma tsayawa. Yana shimfiɗuwa kan yashi, yana cika kowane rami, jiragen suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya taɓa su. Na yi ta salati ni kaɗai, mutanen gari kuwa suna wucewa ta bayana da burodi a hammata, ko waiwaye babu.

Karatu bai ba ni wuya ba, sanyi ne ya kusa kashe ni. Amma abin da ya fi sanyin damuna shi ne sama. A Dakoro yaro ma ya san kwanan wata, don kullum yana bisa kansa. A can sai gajimare ya rufe sama mako da makonni, yayyafi ba dare ba rana. Ina dai riƙe da lissafin watanni a kaina tun watan Mauludi da na taso. Na san azumin tsofaffi ya wuce, na san muna cikin Sha'aban, kuma ya yi nisa. Kowace magariba ina kan katanga ina duban yamma, ba abin da nake gani sai toka. Takarda zuwa gida da dawowarta sai ta fi wata, kuma babu Musulmi ko ɗaya a garin da zan tambaya. Abinci ya daina shiga.

Madam ta lura. Da na gaya mata, ta sauko da kalandar da mai kawo wasiƙu ke ba su, ta nuna mani wani baƙin ɗigo, ta ce ga ranar sabon wata. Na ce wannan ranar ɓuyansa ce, mu sai ya fito an gan shi, kuma yakan kwana ɗaya ko biyu. Wace ce a ciki? Ta ce ita ba ta san addininmu ba, amma ta san in wata ya sabunta da kwana ɗaya ko biyu, ranar teku ke yin tafiyarsa mafi nisa. Ta ce wata ne ke jan ruwan. Mun karanta haka a aji, na ma rubuta a jarrabawa, amma ban taɓa haɗa watan littafi da watan Baba ba.

Ranar Asabar da rana ta ba ni takalman roba na ɗanta da kwando, muka bi mutanen gari. Teku ya tafi har ba a hango shi. Muka yi ta tafiya kan ƙasan da jiya jirage ke yawo a bisansa, yashi mai laushi, an yi masa zane-zane irin wanda iska ke yi wa tuddan arewacin Dakoro. Garin ya koma ɗan mitsitsi a bayanmu. Tsofaffi da yara sun duƙa suna tonon ƙwanso da ƙaguwa, suna ta hira. Ni dai kwandona bai ga komai ba. Na tsaya tsakiyar wannan fili, sama a rufe ruf, ina tunanin wani siririn abu da ke bayan gajimaren, wanda ido bai gani ba, ya kwashe wannan ruwa duka ya kai shi wani wuri. Hawaye suka zubo mani, ban kuma ɓoye ba. Madam ta miƙe tana dafa ƙugu, ta ce gobe ba zai kai nan ba, yau ce iyakarsa.

Na ɗauka a daren nan wata ya tsaya, Lahadi na tashi da azumi. Madam takan ajiye mani burodi da madara kan tebur don sahur, ta kuma jinkirta nata abincin yamma har rana ta faɗi, tana mita cewa miya ta huce. Watan Salla kam sama ta buɗe, na gan shi da idona.

Na dawo Dakoro ana tsakiyar noma. Gida ya cika da masu barka da zuwa, ana taɓa rigata, ana tambaya ko gaskiya ne Nasara na da talakawa. Sai da aka watse Baba ya kira ni.

"Wace rana ka ɗauka?"

Zan iya cewa kowace rana, babu mai ƙaryata ni. Na ce, "Lahadi, Baba."

"Mu Asabar munka ɗauka." Ya ja carbinsa, ya dube ni. "Wa ya ga watan can?"

Na ce babu wanda ya gani. Na ba shi labarin gajimaren, da ruwan da ke tafiya ya dawo, da ranar da muka taka ƙasan teku. Baba bai taɓa ganin ruwan da ya fi tafki faɗi ba. Ya ajiye carbinsa, ya matso.

"Duk ruwan? Kuma ba mai jan shi?"

"Wata ke jan shi, Baba."

"Kuma shina komowa?"

"Kullum."

Ya ce, "Allah mai iko," ƙasa-ƙasa, ya maimaita. Daga nan ya tashi ya shiga ɗaki, bai ce mani na cika alkawari ba, bai ce na saɓa ba. Na kwana da wannan a zuciya.

Kafin asuba ya taɓa ƙafata. Ƙwaryar fura na hannunsa da ludayi biyu.

"Tashi ka rama kwananka guda," ya ce. "Ni rakiya zan yi maka."

Muka wuni gona muna noma da azumi a baki, ni da hannuwana da suka yi laushi, shi a gaba bai waiwaya ba. Da rana ta faɗi aka kawo ruwa. Ya karɓa, ya yi bisimilla, ya miƙo mani in fara sha.