Kuɓewar Iri

Ruwan farko ya sauka jiya, ƙamshin ƙasa ya tuno mini kakata. A lambunta na bayan ɗaki a unguwar Sheshe, ba a tsinkar kuɓewar da ta fi kyau. Barin ta take ta bushe, ta rataye don iri.

"Hajiya, ga miya tana lalacewa," na taɓa ce mata.

"Ki cinye bana, baɗi ki shuka me, uwar kwaɗayi?"

Bara ta rasu, ana murnar soja sun koma bariki. Ranar sadakar uku matan gida suka daka irin nan kaf, suka yi wa baƙi miya. Ko yauƙi ba ta yi ba. Har yau haushi nake ji.

Allah ya ba ki lambun da ba mai taɓa miki iri, Hajiya.