Dattawa Biyu a Tabarma Ɗaya, Ba Wanda Ya Gani

Mun tashi da asuba daga tashar Maraɗi, ni da wani abokina, cikin wata tsohuwar bas da aka cusa mu kamar buhunan gero. Kuɗin mota ya ƙaru, direba ya ce mai ne ya yi tsada, na biya, na ajiye fushina sai gaba. Jama'a, Dakoro na je, kuma wallahi na dawo da baƙin ciki.

Wanda ya kira ni Ila ne, wani mutumin Dakoro mai shirya shirye-shiryen talabijin da 'yar kyamararsa. Ni kuwa na daɗe ina aikin yankawa da haɗa hotuna. Ya ce min wani gidan tele ya maido masa da shirinsa, wai bai dace da sabon tsarin dijital ba, ko zan zo da kwamfutata in duba.

Hanya ba laifi, ban da ramukan da direbanmu ya san su kamar 'ya'yansa. Hagu da dama an gama yankan gero, dammuna a jere, kara na tsaye a gonaki. Mun tsaya wani ƙauye na sha fura da nono mai kauri, abokina ya sayi cuku yana ci yana yaba wa kansa. Da hantsi muka shiga Dakoro.

Ila ya tarbe mu a shagonsa, ya kunna min shirin. A kan sakin gonaki ne, wato ranar da hukuma ke yanke wa makiyaya su shigo da dabbobi su ci kara, da kuma burtalin da ya kamata su bi. A ciki akwai wani tsohon manomi da wani ardon makiyaya na wajen Adjekoria, waɗanda tun wata rigimar ɓarna ba su ƙara gaisawa ba. Ila ya yi ta zarya tsakaninsu har suka yarda suka zauna tabarma ɗaya, bisa alkawarin duk ƙasa za ta gan su kafin dabbobi su gangaro daga arewa. Na kalli shirin har ƙarshe ban motsa ba. Sauti ras, magana mai ma'ana. Laifinsa ɗaya, kyamarar ta tsufa, hotonta bai kai hasken da ake so yanzu ba.

Na gyara abin da zai gyaru, na buga wa wani da na sani a gidan telen. Ya ce ko an gyara, sai an sayi fili, don lokacin da jama'a ke kallo duk an cika shi da finafinan ƙetare, su ne masu araha kuma su ke jawo talla. Na ce masa to shirin gida fa? Ya ce, "Sai haƙuri." Haƙurin me? An kafa ƙarafunan watsa shirye-shirye, an yi taro, an sha lemo, an ce mana dijital zai buɗe tashoshi har ɗan ƙauye ya ga kansa. An wanke akushi tas, ba a zuba tuwo ba! Wa ya tambayi irin su Ila da wace kyamara za su shiga wannan sabon zamani? Wa ya ware musu ko rabin awa a mako?

Da azahar muka ci dambun zogale a wata rumfa kusa da kasuwa. Mai rumfar ya sayi dikoda, tele na kunne, hoto garau kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Me ake nunawa? Wata baturiya na kuka a bakin wurin wanka, an ɗora mata Faransanci. Manoma da makiyaya sun zuba ido, ba mai jin abin da take faɗa. Nan Ila ya gaya min abin da ke cinsa: a ƙauyen dattawan nan biyu an fara cewa ya ɗauki hoton dattawa ya sayar wa masu proje, wato ƙungiyoyin agaji, ya cinye kuɗin. Mutumin da ko takalmin kirki ba shi da shi!

Na ce tashi mu je. Muka hau kabu-kabu, rairayi har gwiwar babur, muka isa bayan la'asar. Aka kira dattawan biyu, kowa ya zo da mutanensa, kowa ya zauna gefe. Na ɗora kwamfuta a kan turmi ƙarƙashin bishiyar bedi na kunna. Mata suka leƙo ta kan darni suna dariya da suka ga tsohon manomi na gyara hula. Da aka gama, ardon ya dubi Ila.

"Malam, mun yarda ba ka saida mu ba," ya ce. "Amma wanga abu ai mu kaɗai munka gani, mu da munka riga munka shirya. Masu gangarowa da shanu hwa, wa zai gwada musu?"

Kunya ta kama ni kamar ni na hana a nuna shirin.

Washegari muka zuba shirin a katin waya, muka rarraba wa masu cajin salula na kasuwa su tura wa duk wanda ya zo. Ila ya rako mu tasha. Ya ce daga wannan ya koma ɗaukar biki da suna, su dai ba sa maido wa mutum aikinsa.

Abin da tafiyar nan ta koya min shi ne hoto mai kyau ba ya amfanar wanda ba a nuna shi. In ba a sama wa masu shirya namu shirye-shiryen kayan aiki da fili ba, dijital ɗin nan taga ce muke leƙen gidan wasu. A hanyar dawowa, kafin mu kai rabi, direba ya taka birki: garken shanu ne ke tsallaka kwalta, sun fara gangarowa tun ba a saki gonaki ba. Muka jira har suka wuce, na ga sun miƙe kudu, inda wake bai gama bushewa a gona ba.