Majo Zalika, Mai Tambayar "Ina Za Ka?"

Kafin ƙarfe bakwai Majo Zalika, babbar ma'aikaciyar jinya, ta riga ta buɗe ƙofar ƙaramin asibitin da ke gangaren kogi a Gaya. Ta share teburinta da kanta, ta jera ƙwayoyi, sannan ta leƙa benci ta ga waye ya riga kowa. Shekara ashirin da takwas tana haka, ga shi a wannan watan za ta ajiye aiki.

Lokacin casar shinkafa bencin nan cika yake da masu atishawa, da masu jan ido, da waɗanda borin jini ya fito musu ruɗu-ruɗu. Maganinsu sananne ne, 'yar ƙwayar nan rawaya da likitoci ke kira antihistamin. Tana kwantar da susa, amma tana kawo barci mai nauyi. Shi ya sa Majo ba ta miƙa ta ga kowa sai ta tambayi inda zai nufa idan ya fita. A garin da rabin mazansa ke kan babur ko mota ko ruwa, tambayar ba ta wasa ba ce. Duk da haka 'yan kabu-kabu suka laƙaba mata Majo Ina-Za-Ka, ita kuma ta amsa abinta.

Waɗanda ke kan benci ran da Labo mai kwale-kwale ya zo, shekarun baya, har yau suna ba da labarin. Ya shigo da filafilinsa a kafaɗa, jiki duk ya kumbura don ya taya surukinsa casa. Allura yake so, kuma da sauri, domin mutum goma sha huɗu na jiransa a bakin ruwa zai haye da su Malanbil, garin da ke ƙetaren kogi, cikinsu har da 'yarsa Munira da jaririnta. Majo ta dubi idonsa ta ga ya yi nauyi. Da ta matsa masa, sai ya ce ai ya sayi ƙwayar wurin mai tallan magani a tire, ya haɗiye biyu, wai don ta fi saurin aiki. Kogi kuwa a cike yake a lokacin.

Ba ta yi masa faɗa ba. Hannu kawai ta sa ta karɓi filafilin ta jingina bayan kabad.

"Majo, shekara talatin ina haye kogin nan," in ji Labo. "Ke ce za ki koya mini ruwa?"

"Ruwa naka ne, Malam Labo. Ƙwayar ce tawa, kuma na san abin da za ta yi maka nan da rabin awa."

Ta aika aka kira ƙanensa Seyni ya haye da mutanen. Labo ya zauna a benci yana ta mita, wai an wulaƙanta shi gaban mata. Yana cikin mitar kansa ya langaɓe, bai farka ba sai da aka kira azahar. Da ya buɗe ido sai ya gane inda barcin nan zai same shi da an bar shi: tsakiyar kogi. Majo ta ba shi wata irin ƙwayar da ba ta cika kawo barci ba, ta ce ko ita ya fara gwada ta ranar da ba zai shiga ruwa ba. Ta kuma ja masa kunne: in leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a garzayo da shi asibiti.

Majo, ke ce kika yarda a yi fushi da ke da safe don kowa ya koma gidansa da yamma. Ba a taɓa kiran sunanki a rediyo ba, amma mun gani, kuma mun gode. Allah ya saka miki da alheri. Masu ba da magani, a asibiti ko a kanti, ku ɗauki tambayar nan tata, ba ta cin ko minti ɗaya.

Ran da aka yi mata walimar bankwana, Labo ya zo riƙe da hannun jikansa, jaririn nan na Munira, wanda yanzu ya shiga lakkol, wato makarantar boko. Ya tsaya gabanta ya tambaye ta ina za ta idan ta fita nan. Ta yi dariya ta ce za ta fara da ziyarar 'yar'uwarta a ƙetaren kogi.

"Ni zan kai ki," in ji Labo. "Kuma ban sha komai ba."